Jirgi na Hannunka

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yaya Musaddiq ya dawo. Ba mu san zai zo ba. Ina tsakar gida ina yanka wa Inna albasa sai na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofa, ƙanwata Ummi ta ruga tana ihu, "Kyaftin! Kyaftin!" Haka duk Gwadangaji ke kiransa tun da ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta soja, duk da ya sha faɗa musu bai kai ko kusa ba. Baba ma ya samu suna a dalilinsa, Baban Kyaftin. A masallaci har matsa masa ake yi a sahun gaba.

Ya rame. Ya ce likitan makarantarsu ne ya ba shi hutu. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, sannu da hanya," ta shige madafa. Ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya ci kaɗan ya ce ya ƙoshi.

Muna hutun makaranta, zan samu lokacin tambayarsa yadda fiffike ke ɗaga jirgi. Yau dai na ji nauyi. Gobe.

Lafiya lau muke.

Talata, 8 ga Afrilu, da azahar

Ban yi niyyar ji ba. Ina share baranda ne, tagar ɗakin Baba kuma a buɗe take.

Yaya ya ce, "Dama ɗaya ta rage, Baba. In na koma, babban malami zai tashi da ni. In bai gamsu ba, a cire ni daga cikin masu tuƙi, a ba ni aikin ƙasa."

Baba ya ce, "Mi ya hwaru cikin jirgin?"

Har na share wuri ɗaya sau biyu. Can Yaya ya ce, "Jiri ne."

Ban tambaye shi zancen fiffike ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da hantsi

Yau an yi abin da ban taɓa gani ba. Baba yana da kujera mai juyawa, wadda aka ba shi kyauta ranar da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona. Ba mai zama a kanta. Ko ƙura ni kaɗai aka yarda in goge mata. To yau Baba da kansa ya turo ta har gindin dogonyaro, ya ce, "Ga ta nan," ya koma ciki.

Likitan ne ya ce a riƙa juya Yaya a kan kujera yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, har jikinsa ya saba. An ba ni aikin juyawa. Ummi ta ba kanta aikin ƙarar inji, da baki.

Na juya shi, na juya shi. Fuskarsa ta canza launi, gumi ya keto masa. Na ce, "Yaya, in tsaya?" Bai ce komai ba. Na ci gaba. Kawai sai ya dira daga kujerar tana cikin gudu, ya yi bayan gida yana tangaɗi, hannu a baki.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Inna, ko ɗaga kai daga wanki ba ta yi ba, ta ce, "Atisayen soja ne."

Na yi dariya har na ƙware. Lafiya lau muke.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Ba ya karyawa kafin kujera. Ya ce in ba komai a cikin, ba abin da zai fito. Ba gaskiya ba ne, ina jinsa daga bayan gida.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Anti Ɗayyaba ta zo! Gidan ya cika. Ɗiyar Kawu Hodi ce na Argungu, yayan Inna, don haka ita da Yaya taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Ita ma tuƙin jirgi take koyo, amma a makarantar farar hula a Zariya, da tallafin karatu. Mutum biyu a dangi ɗaya. Inna ta ce ba ta san me ƙasa ta yi musu ba.

Tun daga zaure ta fara. "Ina ɗan acaɓan sama? An ce ka dawo da hajijiya."

Yaya ya ce, "Sannu da zuwa, direbar bas. Fasinjojin sun sauka lafiya?"

Karon farko ke nan da na ji muryarsa ta da.

Sun zauna a tabarma suna cin gyaɗa suna musu, ni ina gefe kamar ina tsince shinkafa. Na koyi abubuwa da yawa. Anti ta ce su abin da ake fara cusa musu shi ne natsuwa: ka tashi a hankali, ka karkata a hankali, ka sauka yadda shayin tsohuwa ba zai zube ba. In ɗalibi ya ji tashin zuciya, malam ya daidaita jirgi su sauko, gobe a sake. In wani darasi ya yi maka wuya, ka maimaita har ka iya, matuƙar akwai mai biya.

Yaya ya ce su ba haka ba. An yanka wa kowa awoyinsa tun ranar farko. In ba ka iya a cikinsu ba, akwai wani a bayanka yana jiran kujerar. Kuma da ka iya sauka kai kaɗai, sai a fara kifa jirgin, kai ƙasa ƙafa sama, a yi alkafura da kai, a sake shi ya riƙa faɗowa yana juyi kamar ganye, a ce fitar da shi. Wai daga baya ma tashi za su riƙa yi a jere, fiffike dab da fiffike.

Anti ta ce, "Mu ana nuna mana bakin ramin don mu kauce masa. Ku jefa ku ake yi ciki."

Yaya ya ce, "Don ranar da wani zai tura mu, mu san hanyar fitowa."

Ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, kuna son burga."

Amma ita ma ta yarda nasu ba daɗi zalla ba ne. Watanni ta yi tana layin jirgi ɗaya da ɗalibai barjat, in layi ya zo kanta hadari ya taso. Abin da Yaya ya koya a damina ɗaya, ita sai da ta shekara.

Ina son su duka biyun. Ban faɗa musu ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da la'asar

Anti ta kawo shawara gaban Baba: in abin nan ya faru, Yaya ya dawo makarantarsu. Ba a kifa jirgi a can.

Sai Baba ya fara zancen sayar da fadamarmu ta shinkafa, wai akwai wanda ya daɗe yana tayawa. Yaya ya miƙe tsaye ya ce, "Ba za a taɓa fadama ba, Baba." Ban taɓa jin ya katse Baba ba.

Ban so yadda kowa ke cewa "abin nan". Ni ma ga shi na rubuta.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Anti ta tsaya kallon kujera yau. Da Yaya ya dira ya gudu ya dawo, sai ta daina wasa.

Ta ce, "Musaddiq, me ya sa ba ka ce mata ta tsaya ba?"

Ya ce, "Zan iya jurewa."

Ta juyo wurina ta yi mini bayani, amma na san ba ni take wa ba. Ta ce akwai abu ɗaya da soja da farar hula ba su saɓa a kansa ba. Jirgin koyo sandar tuƙi biyu gare shi, ta malam da ta ɗalibi. Duk wanda zai saki tasa, dole ya faɗa da ƙarfi. Da Turanci suke faɗa, amma ma'anarsa ita ce, "Jirgi na hannunka." Ɗayan ya amsa, "Na karɓa." Kafin ka ji amsar, ba ka saki ba. Ko mutuwa kake yi.

Sai ta ce, "Amai ba ya sa a cire mutum nan take, ko a wurinku. Leda ake ba ku don shi. Ranar nan, ka faɗa wa malamin?"

Yaya ya ce, "Sa'an Baba ne fa. Gemunsa fari. In yi amai a gabansa?"

"To da ka kai hannu baki, wa ke riƙe da sandar?"

Yaya ya ɗauki buta ya tafi alwala. Azahar da saura sosai.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

Yau ba a fito da kujera ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

Anti ta koma Argungu jiya ba su yi sallama ba. Baba ya je masallacin wata unguwa. Ummi ta tambayi Inna ko jirgin ya lalace ne. Lafiya lau muke.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe, Argungu

Kawu Hodi ya kira Inna jiya. Muryarsa ba ta buƙatar waya, daga madafa nake jinsa: "Ɗan Kabi da jiri? Ku aiko min shi! Kujera mi? Gora ad da magani!" Inna ta ce in bi Yaya in gaida dangi. Mun shigo motar safe, tsakanin buhunan albasa.

Kawu masunci ne, kuma ba ya yarda akwai ciwon da gulbi ba ya warkarwa. Muna isa ya sa aka kawo wa Yaya kunu da ƙosai ya tsaya a kansa. Yaya ya ce ba ya ci kafin atisaye. Anti, daga cikin ɗaki, ta ce, "Cikin da ba komai ya fi saurin tashi, ɗan acaɓa. Ci kaɗan." Wannan ne sulhunsu. Ya ci.

Za mu gulbi. Ina jin tsoro kaɗan.

Lahadi, da la'asar

Dole in rubuta wannan.

Goran Kawu babba ne, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo da homa, ragar kamun kifi, a hannu. Kawu ya ɗaura masa igiya. Yaya ya kwanta a kai, ni da Anti da Kawu muna cikin kwalekwale. Kawu ya riƙa tunkuɗa goran da sandar tuƙin kwalekwale yana juya shi, ruwa kuma na rausaya shi. Igiyar aka ba ni. Anti ta kafa doka: in ya ji abin ya taso, ya ce "Gora na hannunki," in amsa, in ja igiya in tsai da shi.

Bakin gulbin cike yake. Mata na wanki, masu loda albasa na hutawa, yara kamar an zubo su. Duk sun san Kyaftin ne.

Na ga fuskarsa ta canza. Na san launin nan. Na riƙe igiya ina jira. Bai ce komai ba. Ya saki goran da hannu biyu ya toshe baki, goran ya sulɓe, ya nutse.

Ruwan bai wuce ƙirji ba, kuma Yaya ya iya iyo tun yana ƙarami. Na san haka. Amma da na ga gora shi kaɗai yana juyi ba kowa a kai, sai na ga wani abu dabam. Ba zan rubuta shi ba.

Ya taso yana tari. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a cikin kwalekwale ba. Ni da ko a aji Malama sai ta ce in ɗaga murya. Na ce, "Ni gemu gare ni? Ni sa'ar Baba ce? Igiyar tana hannuna, Yaya! Ni ma ba za ka faɗa mini ba?"

Har matan wanki sun daina bugu. Na zauna na rufe fuska da hijabi ina kuka. Na yi wa yayana tsawa a gaban rabin Argungu.

Kawu ya ce, "Ikon Allah. Ashe tana magana."

Yaya ya daɗe yana kallona, ruwa na zuba daga kansa. Sannan ya kamo goran ya sake hawa. Ya ce, "Kawu, juya."

Kawu ya juya shi da gaske, kamar mai huce haushi. Ba a jima ba na ji, da ƙarfi, har gaɓar can:

"Nazifa! Gora na hannunki!"

Na ce, "Na karɓa!" Na ja.

Ya yi shi. A gaban kowa. Kunu da ƙosai duka. Yara suka ɗauki ihu, "Kyaftin ya ciyar da kifi!" Kawu ya ce, "Madalla! Gobe nan za mu jefa homa." Wata tsohuwa daga cikin masu wanki ta ce, "Sannu ɗana, haka mijina ya yi shekarar da munka yi aure."

Yaya ya kurkure baki. Na ɗauka zai fito ya tafi. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi. Ya ce, "Ba ni kayana." Na ce, "Gora na hannunka." Ya ce, "Na karɓa."

Na ba shi haƙuri a hanyar gida. Ya saya mini rake.

Laraba, 23 ga Afrilu, da yamma, Argungu

Kullum gulbi. Jirin bai tafi ba, Kawu ya ji kunya kaɗan, ya ce ruwan bana ne ba shi da ƙarfi. Amma yanzu Yaya yana daɗewa kafin ya kira ni, kuma yana kira. Yaran bakin gulbi sun mai da abin wasa. Na ga wani yana miƙa wa ƙaninsa akuya yana cewa, "Akuya na hannunka."

Anti ta ce ko malaminta mai haƙuri ba zai yarda da wannan manhaja ba. Yaya ya ce shi ya sa bas take tuƙawa.

Na tambaye shi zancen fiffike! Ya ɗebo ganyen mangwaro ya hura iska a samansa, ganyen ya ɗaga. Ashe abin da sauƙi.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi, Gwadangaji

Ya tafi.

Da nake taya Inna haɗa masa jaka, na ga ta sa busasshen kifi, da citta, sannan ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin katifa. Ledoji ne baƙaƙe, an wanke su, an shanya, an ninke kamar kayan lefe. Tun yaushe take tara su? Ba wanda ya gaya mata komai. Ta cusa su gefen jakar ta ce, "Mi kike kallo? Ja zif ɗin."

Baba ya raka shi tasha. Da ya dawo ya wuce masallacin unguwarmu. Ummi ta ce ta ji yana gaya wa liman, "Yaron na fama da jiri, a sa shi a addu'a." Da bakinsa.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan makaranta

Mun koma aji. Ba labari.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan makaranta

Ba labari. An ce hadari ya hana tashi. Malamin Fiziks ya tambayi wanda zai yi bayanin fiffike, na ɗaga hannu. Shi ma ya yi mamaki. Na je da ganyen mangwaro a jaka tun jiya.

Alhamis, 1 ga Mayu, da azahar

Inna ta zuba gishiri sau biyu a miya. Haka muka ci. Lafiya lau muke. Lafiya lau.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Wayar Baba ta yi ƙara muna gindin dogonyaro. Ya duba, ya miƙa wa Inna. Inna ta miƙo mini. Ni ba ni da wanda zan miƙa wa sai Ummi, don haka na ɗauka na buɗe murya kowa ya ji.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Na yi amai."

Baba ya runtse ido.

Ya ce, "Bayan alkafura ta biyu. Na ce, Oga, zan yi amai, jirgi na hannunka. Ya ce ya karɓa. Na gama, na ƙulle leda, na ce a ba ni kayana. Muka ƙarasa sauran, ni na sauke shi." Ya ƙara da cewa, "Da muka sauka ya ce shi ma wata guda ya yi yana cika leda lokacin da yake ɗalibi. Ya ce abin da ya zo ji ke nan, muryata. Zan ci gaba. Likita zai riƙa duba ni, amma zan ci gaba."

Ummi ta yi tsalle ta faɗa kan kujerar Baba, ta tafi da ita har bakin rijiya. Baba bai ce a sauko ba. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Na kira Anti, ta ce a gaya wa ɗan acaɓa bas na nan in ya gaji da burga.

Inna ta karɓi wayar daga ƙarshe. Na ɗauka addu'a za ta yi masa. Ta ce, "Ledojin sun isa, ko in ƙara aikowa?"

Daga nan ta ji ƙaurin tuwo. Ta dubi madafa, ta dubi wayar, ta miƙo mini muciya.

Ta ce, "Nazifa, tukunya na hannunki."

Na ce, "Na karɓa."